Tambaya da Amsa: Ginin Ɗaki a Hunturu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Zan gina ɗaki ɗaya, ƙafa 12 da 12, a gonata ta bayan Argungu. An ce filastar hunturu tana tsagewa. In jira bazara? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka jira. Abin da ke tsaga filasta shi ne busasshiyar iskar hunturu, mai zuƙe ruwa kafin siminti ya kama. Maganinsa ban ruwa.

Tanadi bulo mai inci 6 kimanin 450, wanda ya kwana 14 da bugawa. Kwaɓin ɗora bulo: buhun siminti 1, yashi kwanon sarki 12. Na filasta a rage yashin zuwa 10, a tankaɗe shi, kuma a guji yashin da ya haɗu da laka, domin shi ma yana sa tsagewa.

Wajen shafa filasta ake yawan kuskure. Magini ya jiƙa bango kafin ya shafa filasta, kaurinta kada ya wuce rabin inci. Daga washegari a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, a rataya jiƙaƙƙun buhuna ta gabas da arewa, inda iskar ke bugowa. Kwaɓin da ya fara daskarewa a zubar, kada a ƙara masa ruwa.

Kafinta ya bar 'yar tazara a ƙofar katako, don za ta kumbura da damina. A ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin linta saboda guguwar farkon damina. Fenti kuwa sai bayan mako 4, a goge ƙura tukuna.