Amsa ga mai son zanen halittun teku alhali bai taɓa ganin teku ba

Ƙanena, ka ce kai mai zane ne a Kano, kana son shiga baje kolin da ake shiryawa kan muhalli da zanen halittun teku, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa tsayawa bakin teku ba, shi ne kake tambaya ko hotunan intanet za su ishe ka. Ba za su ishe ka ba. Sai dai kuma ba lallai ne ka ɗauki jaka ka nufi Legas kafin ka fara ba.

Na yi shekara shida a Akra, ina zaune a Nima wurin kawuna, ina rubutun allunan shaguna da na jikin mota, da shi nake cin abinci. Zanen kifi kuwa da hoto na fara shi, kamar yadda kake shirin yi. Na zana wani ƙaton kifi, na kai wa wani dattijo masunci a Jamestown ina jiran yabo. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce ai wannan kifin ya daɗe da mutuwa. Na ji haushi ƙwarai. Washegari da sassafe na je bakin ruwa lokacin da kwale-kwale ke dawowa, na tsuguna gaban kwando. Kifin da aka fito da shi yanzu-yanzu, bayansa duhu ne mai kore da shuɗi, tumbinsa fari tas kamar azurfa, a gefensa kuma akwai wani ƙyalli da ke sauya launi in ka karkata kai. Kafin hantsi ya dubi ludayi duk wannan ya dushe, idon ma ya yi hazo. Ashe hoton da na kwafa na kifin da ya wuni a kan tebur ne. Duhun baya da hasken tumbi ma ɓuya ce: mai leƙowa daga sama sai ya ga kifin ya saje da zurfin ruwa, na ƙasa kuma ya ga ya saje da hasken sama.

To wannan darasin kana iya samunsa a dam ɗin Tiga. Ka je da safe wurin masunta, ka zana karfasa da tarwaɗa tun suna motsi, ka lura da inda fiffike ya fito da yadda ɓawon karfasa ke hawa kan ɓawo. Masuntan Japan tun ƙarni na 19 suna da wata dabara da suke kira gyotaku: a shafa wa kifi tawada, a manna masa takarda, a ɗaga. Gwada ta da karfasa ɗaya, za ka ga abin da hoto ɗari bai nuna maka ba.

Sai batun haske, nan ne akasarin masu kwafar hoto ke faɗuwa. Ruwa yana cinye launi. Ja ne ke fara ɓacewa tun cikin mitoci kaɗan na farko, sai ruwan lemo, sai rawaya, shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. Hotunan murjani (halittar nan mai kama da tsiron dutse a ƙarƙashin teku) ja wur da kake gani daga zurfi, da fitila aka ɗauke su. Don haka kafin ka tsoma buroshi, yanke shawara: zurfin nawa kifinka yake, kuma daga ina haske ke zuwa?

Yanzu ɓangaren muhalli. Akwai Wyland, Ba'amurken da ya zana manya-manyan dabbobin teku a bango ɗari, na farko a Laguna Beach ta Kalifoniya a 1981, na ɗari a Beijin a 2008. Aiki ne babba, amma ni dai a ganina irin wannan kyan yana sa mutum ya ce ma sha Allah ya wuce, yana zaton teku lafiya lau yake. Na fi ɗaukar darasi daga Jason deCaires Taylor, ɗan Birtaniya, wanda a 2006 ya nutsar da mutum-mutumin siminti a tekun ƙasar Giranada da ke yankin Karibiyan don murjani ya tsiro a kansu, kifi ya samu mafaka. Wanda ya fi kusa da mu kuwa shi ne Serge Attukwei Clottey a can Akra. Rawayan jarkokin nan da ake ɗiban ruwa da su yake yankawa ƙanana-ƙanana, ya ɗinke su da wayar tagulla har su zama kamar ƙaton mayafi. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo ya san me ake faɗa masa, ba sai an yi masa tafinta ba.

Ni ma aikin da mutane suka fi tsayawa a kansa shi ne kunkurun teku da na zana, na manna masa ledojin fiya wata na gaske da na tsinto a bakin ruwa, da yashinsu da komai. Kunkurun teku yakan haɗiye leda yana zaton wata halitta ce mai taushi da yake ci. Na ga taru an jawo shi, leda da silifas sun kusa fin kifi yawa.

Amma ka kula da wani abu kada wani mai ilimi ya ƙure ka ranar baje koli. Ruwan Kano ba ya zuwa teku, don haka kada ka ce ledar Kano ce ke kaiwa can. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Na Kaduna ne ke shiga Neja har ya kai Atilantika. Da ni ne kai, da giwan ruwa ko ayu zan zana, in ajiye na teku guda ɗaya ko biyu a gefe.

Fentin akirilik da muke amfani da shi shi ma roba ne. Kada ka zubar da ruwan wanke buroshi a kwata. Bar shi a bokiti ya kwana biyu, dattin ya kwanta, ka tsiyaye na sama, ka shanya na ƙasa har ya bushe sannan ka kankare. In ka yi gyotakun karfasar nan, ɗauki hotonsa mu gani.