Karen da ake duka idan ya dawo, ba zai so dawowa ba

Malam, na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce karenka ya kusa shekara, da zarar ka kwance masa sarƙa sai ya cilla da gudu, ka yi ta kira har muryarka ta dishe ko waiwaye ba ya yi, sai ya gaji don kansa ya dawo, kai kuma ka zane shi don ya daina. Kana tambaya ko akwai dabara, ko kuwa ka haƙura ka bar shi a ɗaure. Shekara 12 ke nan ina riƙe da karnuka a gonata da ke wajen Zariya, kuma duk abin da ka faɗa na yi shi da hannuna. Don haka daga dukan nan zan fara, domin shi ne tushen matsalar.

Ina da wani baƙin kare da muke kira Duna. Yana ɗan wata 10 ya bi garken awakin maƙwabcina, ya kashe ɗan akuya guda, na biya kuɗi, na sha kunya. Da ya dawo da magariba na ɗauki bulala. Washegari na kira shi, ya zo har kamar taku goma daga inda nake, ya tsaya. Ya maƙe wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunne, yana lasar baki yana kewaya ni. In na yi taku ɗaya ya ja baya biyu. A tunanina dukan akuya na yi masa. A wurinsa kuwa, abu na ƙarshe da ya yi kafin bulala ta sauka shi ne zuwa wurina. Kare ba ya haɗa hukunci da laifin da ya yi awa uku da suka wuce, yana haɗa shi ne da abin da yake yi a lokacin. Ka ga ashe da hannuna na koya masa cewa amsa kirana haɗari ne. Daga yau, ko karenka ya ɓata maka rai iya ɓaci, in dai da ƙafarsa ya zo, kada ka taɓa shi da mugunta. In zuciyarka ta hau, ɗaure shi shiru ka bar wurin.

Sunan da kake kiransa da shi yanzu ya riga ya lalace a kunnensa, ya ji shi ɗaruruwan lokuta yana gudu ba abin da ya faru, ko kuma duka ya biyo baya. Ka sake sabon kira. Ni usur nake amfani da shi, irin na alƙalin wasan ƙwallo, saboda ƙararsa tana zuwa nesa, kuma ba ta ɗauke da fushi. Muryarka tana canzawa idan ranka ya ɓaci, kare kuma yana ji sarai.

Makon farko a cikin gida kawai, ba awaki ba kaji. Ka dafa hanta ko nama ba gishiri ba yaji, ka yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Kada ka ba shi tsire ko kilishi, albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini. Kafin ya ci abincinsa na yini, yana tsaye a gabanka, ka busa usur sau biyu gajeru, nan take ka sa masa nama a baki. Ka yi kamar sau goma, ka bari, da yamma ka sake. Ba umurni kake ba shi ba tukuna, kana ɗaura ƙarar ne da daɗi, irin abin da masanin nan na Rasha, Iban Pablob, ya nuna tun sama da shekara 100 da suka wuce, cewa ƙarar da ta saba zuwa kafin abinci takan sa yawun kare ya zubo ko abincin bai iso ba. Ranar da ka busa yana bayan ɗaki ka ji ƙarar faratansa a siminti yana tahowa a guje, to an kafa tushe.

Sannan sai fili, amma da doguwar igiya, mita 10 ko fiye. Ka ɗaura ta a ɗamarar ƙirji, ba a wuya ba, domin in ya kwasa da gudu igiya ta ƙare, wuyansa zai iya jin ciwo. Ka yi mata ƙulli-ƙulli don ka iya taka ta da ƙafa, kada ka cafke ta da hannu tana gudu, na taɓa saɓule fatar tafin hannuna a haka. Amfanin igiyar nan guda ne: kada ya sake samun damar jin usur ya yi banza da shi ya ci riba. Ka yi busar nan biyu gajeru sau ɗaya tak. In bai zo ba kada ka yi ta busawa, kada ka fizge shi. Taka igiyar, ka juya baya ka ruga da gudu kana tafi, yawancin karnuka ba sa iya jure ganin mutum yana gudu ba su bi shi ba. Kai dai kada ka bi shi, in ka bi shi ya zama wasa, kuma ƙafa huɗu ta fi biyu.

Ga abin da ya fi ba ni wahala kafin in gane. Da ina kiran Duna ne kawai idan za mu koma gida in ɗaure shi. Wato kira na nufin yawo ya ƙare. Wane kare ne zai yi ɗokin wannan? Sai na juya abin. A fita ɗaya in kira shi sau goma, ya zo, in kama abin wuyansa da hannu ɗaya, in ba shi nama da ɗayan, sannan in ce masa “je ka” in sake shi ya koma shinshine-shinshinensa. Sau tara a sake shi, sau ɗaya a ɗaure. Sakin nan kansa tukuici ne, wani lokaci ma ya fi naman daraja a wurinsa. Kama abin wuyan kafin ba da nama kuma kada ka tsallake shi, in ba haka ba za ka sami karen da zai wafce nama ya zille.

Batun awaki kuwa, da nisa ake farawa. Ka tsaya inda yana hango su amma har yanzu yana karɓar nama. In ka miƙa masa hanta ya ƙi ko kallonta, kun yi kusa, ja baya. Ka koyi karanta jikinsa: bakin da yake buɗe yana haki sai ya rufe, kunnuwa su miƙe, jiki ya sandare, ido ya kafe wuri ɗaya. Tsakanin wannan da tashinsa bai fi daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, kuma a nan ne usur yake aiki. In ya riga ya tashi, kunnensa ya toshe. Duna ya ɗauki wata huɗu a kan igiya kafin in yarda in bar ta tana jan ƙasa a bayansa, sai wata biyu kuma kafin in cire ta gaba ɗaya.

Shekarun karenka ma suna cikin lissafi. Daga wata 6 zuwa kamar wata 18 kare yana cikin tashen balaga, abin da ya iya jiya sai ya yi kamar bai taɓa ji ba yau. In haka ta faru ka koma igiya, ba lalacewa ya yi ba. Sannan karen da ya wuni a ɗaure a rana, dole ya fashe da gudu idan aka sake shi. Ka riƙa zagayawa da shi safe da yamma ko da a igiya ne, za ka ga rabin haukar ta tafi.

Abu biyu usur ba ya maganinsu. Idan akwai karyar da take neman namiji a unguwa, abin da kan faru kamar sau biyu a shekara kuma ya ɗauki mako biyu zuwa uku, ka riƙe shi a gida kawai. Fiɗiya a wurin likitan dabbobi tana rage irin wannan yawon, amma ba ta koya wa kare amsa kira. Na biyu, karen da ya riga ya ɗanɗani kisa. Duna ya kai yana juyowa daga bin zomo idan na busa, amma har ya mutu ban sake sakinsa kusa da garke ba, kuma ban yi nadama ba. Dukiyar maƙwabci ba abin gwaji ba ce.

Kuma tunda naka ya saba fita yana cuɗanya da karnukan da ba ka sani ba, ka duba ko an yi masa allurar rigakafin ciwon haukar kare. Ana fara ta tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana haɗa ta. In ba a yi ba, ka kai shi asibitin dabbobi a makon nan, kafin ma ka sayi usur ɗin.