Da Jan Šverma bai mutu a kan dutsen Chabenec ba

Malam, tambayarka ita ce: da Jan Šverma ya tsira daga Yaƙin Duniya na Biyu, ko da jam'iyyar kwaminis ta Cekoslobakiya ta bi hanya mai sassauci maimakon ta Stalin? Na yi karatu a birnin Prag a shekarun 1980, kuma na sha tsallaka gadar da aka sa wa sunansa a kan kogin Vltava, don haka wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a ka.

Šverma ya taɓa zama editan jaridar jam'iyya, Rudé právo. Da 'yan Silobakiya suka yi wa Jamusawa bore a ƙarshen Agustan 1944, aka turo shi daga Mosko tare da Rudolf Slánský, wani jigo a jam'iyyar. Banská Bystrica, cibiyar boren, ta faɗi a ƙarshen Oktoba, mayaƙa suka watsu cikin duwatsu. Ranar 10 ga Nuwamba, ga rashin lafiya ga guguwar ƙanƙara, ƙarfinsa ya ƙare a dutsen Chabenec. Wani abokin karatuna ɗan Silobakiya ya taɓa kai ni can. Lokacin zafi ne a wajensu, amma iskar da ke kaɗawa a saman dutsen sai da ta sa yatsuna suka ƙage, na kasa ɗaure igiyar takalmina. Daga ranar na daina mamakin yadda mara lafiya zai mutu a wurin cikin hunturu.

To ni dai a ganina, da ya rayu ba shi da yadda zai yi ya juya akalar jam'iyya. Shi ma ɗan gida ne, a Mosko ya yi karatun siyasa, kuma na hannun daman shugaban jam'iyyar, Klement Gottwald, ne. Abin da ya rikita al'amura daga waje ya zo. Da Stalin ya ɓata da Tito, shugaban Yugoslabiya, a 1948, sai aka shiga farautar "maciya amana" a kowace jam'iyya ta Gabashin Turai, kuma waɗanda suka yi gwagwarmaya da hannunsu, jama'a suka san su, su aka fi sa wa ido. László Rajk na Hungari da Traicho Kostov na Bulgariya duk sun ɗanɗana kurkukun gwamnatocin da ke tare da Hitler, duk kuma 'yan'uwansu 'yan kwaminis ne suka rataye su a 1949. Šverma kuwa ya zauna a Paris a farkon yaƙi, kuma zaman Yamma kaɗai ya isa a shafa wa mutum kashin kaji a wancan zamani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi amfani da mutuwarsa. A shari'ar da aka yi wa wasu manyan jam'iyya a Nuwamban 1952, cikin laifuffukan da aka ɗora wa Slánský har da cewa shi ya jawo mutuwar Šverma a kan dutse. Mutum 14 aka gurfanar, aka rataye 11 ranar 3 ga Disamba. Matar Šverma kuma, Marie Švermová, wadda take babba ce a jam'iyya, tun 1951 aka kama ta, aka yanke mata ɗaurin rai da rai a 1954. Sunan miji yana kan gada da tituna, matar tana kurkuku. Mahaifin abokin nan nawa ne ya fara ba ni wannan labari, a kicin ɗin gidansu, sai da ya tashi ya ƙara muryar rediyo kafin ya buɗe baki.

Inda nake ɗan ja da baya shi ne misalin Gomułka, jagoran 'yan kwaminis a Poland. Shi ma ya jagoranci gwagwarmayar ɓoye, aka tsare shi a 1951, amma bai kai ga igiya ba. Da guguwar neman sauyi ta taso a 1956, shi jama'a suka nema, ya dawo kan mulki. Da Šverma ya tsallake 1952 da ransa, mai yiwuwa Cekoslobakiya ta samu irin wannan mutum tun kafin 1968, shekarar da Alexander Dubček ya hau shugabancin jam'iyya ya kawo sassauci. Sai dai ka tuna Gustáv Husák: yana cikin jagororin boren 1944, ya sha ɗauri daga 1951 zuwa 1960, amma da ya hau kujerar jam'iyya a 1969 shi ne ya binne sauye-sauyen Dubček.

Ita Marie an sake ta a 1956. Tana da shekara fiye da saba'in ta sa hannu a Charter 77, takardar da masu neman 'yanci suka fuskanci gwamnatin Husák da ita.