Filin Tambaya da Amsa: Datar "ba iyaka" da igiyar faiba a ƙasar Sakkwato

Wasiƙun wannan makon duk daga jihar Sakkwato suka fito, kuma duk a kan intanet ne. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan kallon ƙwallo a Boɗinga, talabijin biyu. Na sayi rauta, na sa mata datar wata wadda aka yi tallar cewa ba ta da iyaka. Kwana takwas na farko lafiya lau. Daga nan hoto ya fara daskarewa, a ci ƙwallo sai mun ji ihun maƙwabta kafin mu gani. Na duba, an ce datar tana nan. Shin mi yaf faru? Daga mai gidan kallo, Boɗinga.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba a yanke maka data ba, maƙure ta aka yi. Galibin tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka suna da wani sharaɗi a ƙasan talla, da ƙananan haruffa, wani lokaci haruffa uku kawai: FUP. Ma'anarsa akwai adadin gigabait da za ka sha da cikakken gudu. Kana cinye shi sai a sauke ka zuwa tafiyar hawainiya har ƙarshen wata. Tun da layin bai mutu ba, kamfani zai ce bai yi ƙarya ba.

Mu yi lissafin gidanka. Hoton ƙwallo mai kyau yana buƙatar wajen megabit 5 a daƙiƙa. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya, don haka a awa guda talabijin ɗaya na shan kimanin GB 2.25. Wasa ɗaya, da hutun rabin lokaci da ƙarin mintoci, awa biyu ne, wato GB 4.5. Asabar wasa uku a talabijin biyu, GB 27 ke nan. Haɗa da Lahadi, 54. Talata da Laraba na gasar zakarun Turai su ƙara 18, an kai 72 a mako. Yanzu sai ɓarnar da ba ka gani: in yara goma suna da lambar sirrin wayifayinka, kowa ya sha GB 1 a rana a TikTok da YouTube, wani GB 70 ne a mako. Jimla 142. A ce ma'aunin tsarinka GB 150 ne, ka ga kwana takwas ɗin nan ba tsautsayi ba ne.

A ce kuma an sauke ka zuwa kilobit 512. Wajen kashi ɗaya ke nan cikin goma na abin da talabijin ɗaya ke nema. Saƙon WhatsApp zai wuce, na'urar POS za ta yi aiki, ƙwallo kuwa sai dai sauti da hoto mai tsalle.

Amma kafin ka ɗora laifi a kan maƙurewa, gwada, domin cunkoso ma yana kawo irin wannan. Kashe duk wayoyin da ke kan rautar, ka bar ɗaya, ka buɗe Speedtest ko fast.com bayan sallar asuba, ka rubuta lambar. Ka sake gwadawa da ƙarfe tara na dare. In da asuba gudun ya kai megabit 15 ko 20, da dare ya faɗo 2, turken sabis ɗin garinku ne ya cika, kuma sauya tsari ba zai yi magani ba. In kuwa safe da dare lambar ɗaya ce, ta tsaya cak a wuri guda kamar an sa mata linzami, to linzamin ne. Danna *323# ko ka shiga manhajar kamfanin, sau da yawa a can za ka ga ainihin gigabait ɗin da aka ƙidaya maka.

Iyakar ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta wata, akwai ta yini, inda ake maƙure ka da yamma a sake ka tsakar dare, akwai kuma tsarin da tun farko gudunsa ne aka ƙayyade. Wannan na ƙarshe ya fi gaskiya, a ganinmu, domin ka san abin da ka saya: megabit 1 da ke gudu dare da rana yana ba da kimanin GB 324 a kwana 30. Tambayoyi uku za ka yi wa mai sayarwa, kuma ya nuna maka a rubuce, ba da baki ba: gigabait nawa kafin a rage gudu, nawa ne gudun bayan an rage, kuma an yarda a yi sana'a da tsarin? Tsare-tsaren gida da yawa sun hana.

Gyaran gaggawa: sauya lambar sirri yau, ka sauke ingancin hoto daga 1080 zuwa 720, zai rage ci sosai kuma daga benci na uku babu mai ganewa. Manyan wasanni kuwa, dish da dikoda har yanzu sun fi rufin asiri.

Tambaya: Ni hakimi ne a wani ƙauye a kan hanyar Sakkwato zuwa Illela. Bara an haƙa rami a gefen titi, an binne wani bututun roba, aka ce igiyar intanet ce. Har gonakin mutanena aka taɓa. Yau shekara guda, sabis ɗinmu yana nan yadda yake, sai an hau tudu. Ina amfaninta gare mu?

Amsa: Ranka ya daɗe, abin da ya ratsa ƙasarka kamar babbar wayar wutar lantarki ce da ke wucewa ta saman gari. Wutar tana ciki, amma in ba a kafa taransifoma ba, ko ƙwai ɗaya ba zai kama ba.

A cikin bututun akwai igiyar da ake kira faiba, mai ɗauke da zaruruwan gilashi, 24 ko 48 ko 96, kowanne kaurinsa bai wuce gashin kai ba, kuma haske ne ke gudu a ciki. Irin wannan layi aikinsa haɗa gari da gari da kuma turakun sabis. Asalin intanet ɗin daga bakin teku yake tasowa, inda manyan igiyoyin ƙarƙashin ruwa irin su MainOne, Glo-1 da Equiano suka sauka a Legas. Kafin ya iso Sakkwato ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu, kuma kowane kilomita da kuɗinsa. Shi ya sa kamfani a nan yake sayen intanet da tsada fiye da takwaransa na Ikeja.

Kafin gida ya samu, sai an buɗe igiyar a ɗaya daga cikin akwatunan siminti da ke gefen titi, a fitar da zare ɗaya ko biyu, a liƙa su da injin narka gilashi, a kai su wata na'urar rarrabawa mai buƙatar wuta awa 24. Daga nan zare ɗaya ake tsagawa gida 32 ko 64, kuma gida mafi nisa kada ya wuce wajen kilomita 20. Kowane gida sai an ja masa tasa igiyar an kafa masa akwati. Kamfani yana lissafi ne da yawan masu biya duk wata. A unguwannin birnin Sakkwato irin su Mabera ko Gawon Nama kilomita ɗaya zai ratsa gidaje ɗaruruwa. A karkara sai a yi kilomita biyar ba a samu mai biya goma ba.

Ga kuma kuɗin izinin haƙa. Majalisar tattalin arziki ta ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita, wato kilomita 10 naira miliyan 1.45 tun ba a sa diga a ƙasa ba, kuma an daɗe ana fama da jihohin da ke karɓar fiye da haka. Sai tsaro: babu injiniyan da zai kwana a dajin da ba ya da tabbacin komawa gida, kuma ba a manta 2021 ba, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar.

A takarda buri babba ne. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025, zamanin minista Isa Ali Pantami, ya sa burin megabit 10 a karkara da 25 a birni. Ministan da ya biyo baya, Bosun Tijani, ya zo da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Amma mafi yawan wannan ma babban layi ne, ba na shiga zaure ba.

Abin da ya fi kusa da hannunku shi ne turken sabis. Ku duba wanda ya fi kusa. In akwai wani farin abu mai kama da ganga a jikinsa yana kallon wani turken, ta iska yake karɓar saƙo, kuma abin da yake ɗauka ƙalilan ne. Haɗa turken da faibar da ke ƙarƙashinsa zai gyara 4G na kowa ba tare da an ja igiya gida ko ɗaya ba. Wannan za ku nema. Ku rubuta takarda da sa hannunka da na uban ƙasa, ku lissafa makarantu, asibiti, masu POS, masu cajin waya da yawan gidaje, ku ce za ku ba da fili ku kuma tsare kayan. Kwafi ɗaya ga kamfanin da sunansa ke jikin akwatunan simintin, ɗaya ga shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya ga asusun USPF na hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, wanda aka kafa domin wuraren da 'yan kasuwa ba sa ganin riba.

In turken ya yi nisa, akwai dabarar wucin gadi: eriya biyu masu kallon juna, ɗaya a garin da ke da faiba, ɗaya a kan dogon ƙarfe a ƙauyenku. Suna ɗaukar kilomita 10 zuwa 15 in babu tudu ko dogon bishiya a tsakani, kuma shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin taku ta dace da su. Faifan sola da batir sun ishe su.

A kuma yi shela a masallaci: babu tagulla a cikin igiyar nan. Mai sare ta don ya kai wa 'yan gwangwan gilashi zai tarar, kuma tun 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Tambaya: An ja mana faiba a gidanmu da ke Arkilla. Kwana biyu ke nan wata jar fitila tana ƙiftawa a jikin akwatin, ba intanet. Yarana sun kashe sun kunna har sun gaji. Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, duba rubutun da ke ƙarƙashin fitilar. In LOS ne, haske ba ya isowa akwatin, kuma kashewa da kunnawa ba za su kawo shi ba. Kada a danna ɗan ramin nan na baya da tsinke, zai goge saitin kamfani, ki koma da matsala biyu.

Bi siririyar igiyar daga akwatin har inda ta shigo gida. Nemi inda ƙofa ta danne ta, ko aka naɗe ta tamau, ko ɓera ya ɗanɗana. Gilashi ne a ciki, lanƙwasar da ta fi bakin kofin shayi matsewa tana zubar da haske. Duba kan igiyar, mai launin kore ko shuɗi, ko ya zauna daram. Kore da shuɗi ba sa shiga gurbin juna lafiya, ko da sun yi kamar sun shiga. In ya fita ya kwana a ƙasa, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta toshe shi. Kada a hura masa iska da baki, kuma kada kowa ya leƙa bakinsa: hasken ba ya ganuwa amma yana cutar da ido.

In cikin gida lafiya, tambayi maƙwabta. Kowa ja, to an sare babbar igiya ce, galibi masu aikin titi ko magudanar ruwa. Ke kaɗai, to tsakanin gidanki da inda aka jawo miki igiyar ne. Idan mai gyara ya zo, ce ya nuna miki lambar ƙarfin hasken a na'urar awonsa. Tsakanin -8 da -27 ake so. Wanda ya bar ki a -26 zai dawo da ruwan farko.

Akwatin kansa kada a ajiye shi a taga ko kusa da kwano, zafin watan Afrilu a Sakkwato yana sa shi kashe kansa. Wutarsa bolt 12 ce, wat 10 ko ƙasa da haka, don haka ƙaramin batirin rauta zai riƙe shi awoyi bayan an ɗauke wuta.

Tambaya: Wannan talla ta "ba iyaka" ba yaudara ba ce? Ina ake kai ƙara? Daga wani ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Amsa: Ɗan'uwa, in an rubuta "ba iyaka" da haruffa kamar ƙofar gari, aka ɓoye sharaɗin inda sai da tabarau, mu dai yaudara muke kiranta. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana tallar da ke ɓatar da mai saye, hukumar ARCON ce ke tantance tallace-tallace, NCC kuma ta wajabta wa kamfanoni bayyana sharuɗɗan tsarinsu. Ba a nan kaɗai ake wannan rigima ba: a 2019 kamfanin AT&T na Amurka ya amince ya biya dala miliyan 60 saboda rage wa masu tsarin "ba iyaka" gudu ba tare da cikakken bayani ba.

Hujja ita ce gaba. Ɗauki hoton tallar da ranar da ka gan ta, ajiye saƙon da aka turo lokacin da ka biya, da hotunan gwajin gudu na kwana uku, safe da dare. Lura da kalmar "har zuwa": megabit "har zuwa 20" ba alkawarin 20 ba ne, don haka ƙarfin ƙararka yana kan sharaɗin da ba a nuna maka ba kafin ka biya. Kira 300, layin kula da abokan hulɗa na manyan kamfanonin waya, ka shigar da koke, kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar koken. In ba a warware ba, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta. Lambar koken nan za a fara tambayarka, don haka rubuta ta a takarda tare da rana da lokacin da ka kira.