Uwar kamfani a waje za ta iya tsaya wa kamfaninta na Kumasi a banki?

Alhaji, za ta iya, amma ka duba irin takardar da ta aiko. Wasiƙar "muna sane da bashin nan" ba lamuni ba ce, banki ba zai karɓi ko sidi ɗaya da ita ba. Abin da ake nema shi ne alƙawarin biya da zarar banki ya nema, da iyakar kuɗin a rubuce, da shaidar amincewar daraktocin uwar kamfanin.

A biya harajin hatimi a GRA, wato hukumar tara haraji ta Ghana, in ba haka ba kotun Ghana ba za ta karɓi takardar a matsayin hujja ba. Inda aka fi tuntuɓe kuwa, dukiyar uwar tana wata ƙasa, bin ta shari'a ce mai tsada. Shi ya sa bankuna suka fi son wani bankin waje ya tsaya mata.