Shafin Bakanike: In cire fankar fambel in sa ta lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux mai fetur. A kan hanya lafiya lau take, amma da na shiga cunkoso da rana sai allurar zafi ta hau. An ba ni shawara in cire fankar da fambel ke juyawa in sa ta lantarki. Hakan zai yi magani? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi komai, a duba kulocin fankar. A cikinsa akwai wani mai mai kauri, shi ne ke kama fanka idan iskar lagireto ta yi zafi. In man ya tsiyaye, za ka ga fanka tana juyi amma ba ta jan iska. Bayan inji ya yi zafi, kashe shi ka tura fankar da hannu. In ta yi ta wulwulawa ba tirjiya, kulocin ya mutu, canza shi ya fi arha. Kuma in motar kaya take ɗauka a hanyar yashi, mu dai shawararmu ka bar mata ta fambel, don idan inji na aiki da ƙarfi ta fi yawancin na lantarki jan iska.

In kuwa zirga-zirgar cikin gari ce, ta lantarki tana da amfani, tunda gudunta ɗaya ko mota tana silo. Nemi mai inci 16, ko biyu ƙanana, tare da murfin da ke rufe fuskar lagireto. Ba murfin nan, fanka za ta riƙa jawo iska ta gefe, kusurwoyin lagireto su zauna da zafinsu. A ɗaura ta ta bayan lagireto, ɓangaren inji, tana zuƙo iska. A yi mata ƙafafun ƙarfe a jikin firam. Robobin da ake sokawa ta cikin lagireto don riƙe fanka suna cin bututu har ya fara yoyo. Notocin da ke riƙe tsohuwar fanka su ne ke riƙe fulin famfon ruwa, don haka a mayar da su a ɗaure, fambel kuma yana nan yadda yake.

Wajen waya ne aka fi yin ɓarna. Fanka irin wannan tana cin amfiya 10 zuwa 20, lokacin tashi ma ta fi haka. Wuta ta fito daga batir da waya mai kauri, ta bi ta fis mai amfiya 30, sannan rile (makunnin da ƙaramar wuta ke ja ya saki babbar wuta) mai amfiya 40. Makunnin zafi, wanda ke kunnawa wajen digiri 92 ya kashe wajen 87, shi zai riƙa jan rilen. In akwai AC, a haɗa yadda fanka za ta tashi tare da shi. Rewaya ya auna caji da fitilu da fanka a kunne. In cajin ya sauka ƙasa da volt 13, altanetar ta yi ƙarama.

Kada ka yarda a haɗa maka fankar kai tsaye da makulli, balle a cire tamostat (abin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama) kamar yadda ake yawan yi. Inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, fankar kuma ta mutu da wuri.

In an gama, kara takarda a gaban lagireto. In ta manne, daidai ne. In iska ta ture ta, an juya wayoyin biyu, sai a sauya su.