Bil Ɗin Intanet Ya Ninka Uku: In Biya Ko In Ƙi?

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin saƙonnin wannan mako kuka ɗaya suke yi, wato kuɗi na zurarewa ta layin waya ba a san inda suke tafiya ba. Na ɗauki uku, kuma na farkon ne zai ci mana lokaci.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da shagon kwamfuta a Samaru, kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Muna buga takardu, muna yi wa ɗalibai rijista. Layin da ke cikin rautarmu, wato na'urar da ke raba mana intanet, irin wanda ake biya a ƙarshen wata ne, kuma bil ɗinmu bai saba wuce naira 40,000 ba. Wannan watan sai ga 127,000. Na je ofishin kamfanin layin na yi ta faɗa, ma'aikaciyar ta ce abin da kwamfuta ta nuna ke nan, in ban biya ba a yanke layin. Mahaifina ya ce in haƙura, haka ya sha fama zamanin wayar girke da yake shiga intanet da ita. In biya ko in ƙi? Daga mai shago, Samaru.

Amsa: Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Naira 87,000 a kan abin da ka saba ba ƙaramin giɓi ba ne ga shago irin naka. Kada ka biya duka tukuna, kada kuma ka naɗe hannu ka ƙi biyan komai. Tun da Baba ya kawo zancen wayar girke, bari mu fara daga can, don abin da ya same su a wancan lokaci shi ne zai nuna maka inda za ka duba.

A ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, kafin wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, mai son intanet a Zariya sai ya sami layin NITEL, kamfanin wayar gwamnati na wancan lokaci, da modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya. Kwamfuta ce ke buga lambar kamfanin da ke ba da intanet, ka ji modem na ƙara yana tsuwa kafin ya haɗu. Bil biyu mutum ke biya: na kamfanin intanet daban, na kamfanin waya daban, kuma na wayar lokaci yake ƙirgawa, ko kana karatu ko kana barci. Lambar yankin Zariya 069 ce. Idan lambar da aka saka wa kwamfutarka ta Kaduna ce mai farawa da 062, ko ta Kano 064, ko ta Legas 01, to duk zaman da ka yi a intanet kiran nesa kake yi, da farashin kiran nesa. Mutane da yawa ba su taɓa duba wannan lambar ba, don wanda ya haɗa musu kwamfutar ne ya saka ta ya tafi.

Sai matsalar yankewa. Layi marar kyau yakan katse, kwamfuta kuma an saita ta ta sake bugawa da kanta, kowane bugu sabon kira ne. Wani ya rufe shafin da yake karantawa ya ɗauka ya fita, alhali modem na riƙe da layin har asuba. Mafi muni su ne wasu ƙananan manhajojin damfara da ke shigowa daga shafukan banza, su canza lambar bugawa a ɓoye zuwa wata lamba mai tsada a ƙasar waje. Akwai kuma ɓarayin layi da ke jona waya a jikin ta wani, su yi kira a kansa. A gefe guda, lissafin kamfani shi ma yakan yi kuskure, a ɗora wa mutum abin da bai yi ba.

Duk waɗannan a takardar bil kamarsu ɗaya: adadi mai tayar da hankali. Waɗanda suka ci nasarar ƙorafi a wancan zamani su ne waɗanda suka nemi a ba su jerin kiran ɗaya bayan ɗaya, da rana da lokaci da lambar da aka buga, suka ajiye shi kusa da bayanan da modem ke rubutawa a cikin kwamfuta. In takarda ta ce an yi kiran awa uku ranar da ofis ke kulle kuma kwamfuta ba ta nuna komai ba, magana ta ƙare. In kuma duka biyun sun yi daidai, to ɓarawon a cikin gida yake.

Abin da ya canza yau shi ne ma'auni. Da lokaci ake sayarwa, yanzu yawan data ake sayarwa, kuma gudun ya sa ɓarna ta fi sauri. Modem na da, in ya ƙure gudunsa na kilobit 56 a daƙiƙa, abin da zai sauke a awa guda bai wuce megabait 25 ba. Rautarka ta yau za ta iya shanye gigabait ɗaya kafin ka gama sallar la'asar.

Saboda haka yau da dare, kafin ka sake taka ƙafa ofishinsu, juya rautar ka duba ƙasanta. Akwai 'yar takarda manne da adireshin shiga, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, tare da sunan shiga da kalmar sirri. Rubuta adireshin a burauza. A ciki za ka ga wurin da ke nuna yawan datar da ta wuce, da kuma jerin na'urorin da ke jone. Ƙirga su. In kwamfutocinka biyar ne da wayarka, amma ka ga na'urori goma sha huɗu, ka san kalmar sirrinka ta zaga layin shagunan nan. Yaron shago ya ba abokinsa, abokin ya ba ɗan ajinsu, ga ɗalibai na sauke fina-finai daga bakin titi. Ɗauki hoton wannan shafi da wayarka nan take, domin wasu rautocin suna goge lissafinsu da zarar an ɗauke wuta ko an kashe su.

Sannan bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. A Windows 10 da 11, cikin saitin netwok, akwai wurin da ke nuna datar da kowace manhaja ta ci a kwanaki 30 da suka wuce. Babban sabuntawar Windows guda ɗaya yakan kai gigabait da dama, ka ninka shi da yawan kwamfutocinka. Ka tuna kuma ko a watan nan ka yi wa wata kwamfuta fomatin ka sake zuba mata manhajoji, ko lokacin rijista ne da shago ke cika har dare.

Akwai wata tambaya da nake so ka riƙe da kyau, don a ganina nan ne kuɗinka suka fi yiwuwar tafiya: me ke faruwa da layinka idan datar watan ta ƙare? A wasu tsare-tsaren intanet ɗin tsayawa yake yi. A wasu kuwa, musamman na biya a ƙarshen wata, yana ci gaba, amma a farashin kowane megabait, wanda ya fi na ƙunshin wata tsada nesa ba kusa ba. Saƙon gargaɗin kuma layin da ke cikin rauta ake turawa, inda babu mai karantawa. A shafin rautar akwai akwatin saƙonni, buɗe shi. Ba mamaki ka tarar da saƙon da ke cewa datarka ta ƙare tun ranar 18 ga wata yana zaune ba a buɗe ba. Wannan shi ne ɗan'uwan kiran nesan da Baba ya sha biya bai sani ba. Ka kuma kwatanta farashi: a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, don haka wani ɓangare na hauhawar bil a wannan zamani daga nan yake. Amma ƙarin farashi kaɗai ba zai kai 40,000 zuwa 127,000 ba.

Yanzu ƙorafin kansa. Ma'aikaciyar da ka yi wa faɗa ba ta da ikon rage ko kobo, abin da allo ya nuna mata take karanta maka. Abin da za ta iya yi, kuma wajibinta ne, shi ne ta shigar da ƙorafinka a rubuce ta ba ka lambar ƙorafi. Kada ka bar wurin ba tare da wannan lambar ba. Kana iya samun ta ma ta kiran 300, wadda tun 2023 ita ce lambar kula da abokan hulɗa a duk manyan layuka. Rubuta ranar, lokacin, da abin da aka gaya maka.

Tare da haka ka kai wasiƙa gajera, kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka dawo da ita. Ka faɗi lambar layin, watan da ake magana, adadin da ka saba biya, adadin da aka turo, da adadin da ba ka yarda da shi ba. Ka nemi cikakken bayanin amfani rana bayan rana, da farashin da aka yi lissafi da shi, da shaidar cewa ka amince a ci gaba da cajinka bayan ƙunshinka ya ƙare. Dokokin kare masu amfani da waya na NCC sun ba ka damar ganin filla-fillar abin da aka caje ka in ka nema, kuma sun nemi kamfani ya guji yanke layi a kan kuɗin da ake cikin binciken ƙorafinsu. Shi ya sa nake cewa ka biya 40,000 ɗin da ba ka musu a kansu, ka riƙe rasit, ka rubuta a wasiƙar cewa ragowar ne ake jayayya. Wanda ya ƙi biyan komai ya ba su hujjar ɗaukarsa a matsayin mai taurin bashi, kuma shagonka ba zai jure kwana uku babu intanet ba.

In sun yi shiru, ko amsarsu ba ta gamsar da kai ba, kira 622. Layin NCC ne, kyauta ne, kuma abu na farko da za su tambaye ka shi ne lambar ƙorafin da kamfani ya ba ka. Mutanenmu da yawa suna tsallake matakin farko su kira 622 kai tsaye, a mayar da su baya, su ce hukuma ba ta aiki.

Zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: idan bincikenka ya nuna na'urorinka ne suka ci datar, kada ka ɓata lokaci kana cewa ba ku yi amfani da ita ba. Mayar da maganar kan ko an sanar da kai yadda ya kamata kafin a koma farashi mai tsada, ka nemi a sake lissafin a kan farashin ƙunshi, ko a raba maka biyan. Wannan buƙata ce da ake iya saurara. Daga nan ka canza kalmar sirri, ka sa a ɗora wa layin iyakar da ba zai wuce ba a wata, ko ka koma tsarin biya kafin amfani. Ka gaishe da Baba.

Tambaya: Mahaifiyata a Ƙofar Doka ƙaramar waya take riƙewa, ba ta shiga intanet. Duk katin da na tura mata, kafin kwana biyu ya ragu ko ba ta kira kowa ba. Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada.

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Wannan galibi rijistar wasu hidimomi ce da ke cirar kuɗi kullum ko mako-mako: waƙar da mai kira ke ji, saƙonnin labaran ƙwallo, gasar kacici-kacici. Saƙo ne ke faɗowa a allo, tsohuwa ta danna don ta kawar da shi, ashe amincewa ta yi. Karɓi wayar ki danna *305#, ki duba abin da ke kan layin ki soke shi. Sai ki tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla. Ki duba *303# ma, ko wani jika ya ranci kati, domin bashin ake fara cirewa da zarar an saka sabo. In kin ga an yi ta cirar kuɗi a kan abin da ba ta nema ba, ki kira 300 ki nemi a mayar, ki karɓi lambar ƙorafi. Mutane na raina naira hamsin, amma hamsin kullum naira 1,500 ce a wata.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Kongo. In na jona laftof da wayata, datar mako guda sai ta ƙare a dare ɗaya. Kamfanin ne ke cuta ta?

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Laftof na ɗaukar duk wani Wi-Fi a matsayin intanet marar iyaka, sai ta buɗe baki ta fara sabunta Windows, ta tura hotunanka OneDrive ko Google Drive. Shiga saitin Wi-Fi, danna sunan wayarka, ka kunna Metered connection. Hakan zai sa ta dakatar da yawancin manyan saukewa har sai ka ba da izini. Ka rage ingancin bidiyo a YouTube, don a babban allo yakan zaɓi mai nauyi da kansa. Don ka tabbatar, danna *323# ka rubuta ragowar datarka kafin ka jona, ka sake dubawa bayan awa ɗaya, ka kwatanta da abin da laftof ɗin ta ce ta ci. Ɗan bambanci kaɗan ba komai ba ne. In ka ga tazarar ta kai rabi, ɗauki hoton allon duka biyun ka turo mini, mu duba tare a mako mai zuwa.